Ƙidaya a Kafaɗar Dutse

Sun ba ni alƙalami da takarda mai gida-gida,
suka ce, Esila, hau ki ƙirgo mana mutanenku.
Na hau. Hanyar ta yi gwiwa sau goma sha ɗaya
kafin ta gaji, ta zauna a ƙofar masallaci.

Ƙauyenmu shanya ne a kafaɗar dutse.
Ƙasa da shi kogi na ta rigima da duwatsu,
ruwansa sanyi har cikin haƙori.
Sama da shi kurmi, sama da kurmi makiyaya,
sama da makiyaya ƙanƙarar da ba ta san rani ba.
Hasumiyar kakanni na nan tsaye da rabin kai,
hankaki ne ke gadinta yanzu.

Gidan farko na Dukwaha ne.
Sunansa na nufin "ka daɗe", ya kuwa daɗe:
tamanin da tara, ba sanda.
Ya miƙe tsaye domin baƙo, ko da 'yar maƙwabci ce,
ya turo mini gurasar masara da cuku mai gishiri.
Na ce, Ku nawa ne a gidan nan?
Ya ce, Rubuta tara.
Na waiga: shi, da matarsa Kesira,
sai kyanwa a bakin murhu.

Ya ce, Rubuta uwata.
A sanyin arba'in da huɗu, da aka kwashe mu duka,
ta sauka daga taragon shanu ta ɗebo ƙanƙara a buta,
jirgin bai jira ta ba.
Rubuta ƙannena biyu, suna kwance a Kazakistan,
ƙasar da ido ba ya samun tudun jingina.
Rubuta ubana, da ya riga mu kwanciya a nan.
Shekara goma sha uku muka yi, muka dawo,
na nemi dutsen kabarinsa ban gani ba,
sai a gindin gada, an kife sunansa cikin laka.
Ni da bijimi ɗaya muka jawo shi gida.

Kesira ta ce, Shayinki zai huce.

Ya ce, Rubuta Shirwani,
da aka fita da shi da asuba lokacin yaƙi na biyu,
ƙafa ɗaya da takalmi.
Ɗayan takalmin na nan bayan ƙofa.
Rubuta Baudin, yana haƙar mai can arewa,
rubuta Zalfa, tana Turai, 'ya'yanta na gaishe ni a waya
da harshenmu mai ɗingishi.

Takardata ba ta da gida domin waɗannan.
Na rubuta biyu.
Ya ga hannuna, bai ce komai ba,
ya ƙara mini cuku.

Kwana huɗu ina bin ƙofofi.
Gida sittin da uku na hayaƙi,
arba'in da ɗaya kwaɗo ne ke amsa sallama,
goro na ƙasar nan ya zube a tsakar gida ba mai tsinta.
Makaranta, yara ashirin da bakwai,
malama guda ke koyar da lissafi da taswira.
Tumaki sun fi mu yawa, amyar zuma ta fi tumaki,
maƙabarta ta fi kowa.
Amma zo da bazara ka gani,
motoci har bakin kogi, biki bayan biki,
gayyar gyaran rufi, kowa da gudumarsa,
sai ka rantse ba wanda ya taɓa tafiya.

Ɗari biyu da goma sha huɗu, haka na haɗa.
Ina saukowa, a gwiwa ta uku,
wani yaro ya biyo ni da gudu, yana haki:
Matar Turfal ta sauka, mace ce, an ce Yaha,
wato "ta rayu".
Na zauna a kan dutse na soke huɗu na sa biyar,
alƙalamin ya ƙi, sanyi ya kama shi,
sai da na hura masa numfashi.

A gada na rage sauri.
Har yanzu ba a san duwatsu nawa ke ƙarƙashinta ba.